DARASI: YADDA AKE GYARA TSOHON JIRGIN KATAKO DA YA RUƁE

Darasinmu na wannan fitowa a kan jirgin ruwa yake, wato kwale-kwale na katako. A karanta shi a tsanake. Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba.

Kogin Isa, wanda ake kira Kwara, yana ratsa ƙasarmu tsawon wajen kilometir 550, daga iyakar Mali har Gaya. Ban da shi akwai tabkin Madarunfa a jahar Maraɗi, da na Tabalak a jahar Tawa, da na Gidimuni a jahar Damagaram, da Komadugu da tabkin Cadi a jahar Difa. A waɗannan wurare jirgi kamar amalanke yake a tudu. Da shi ake su, da shi ake kai shinkafa da albasa kasuwa, da shi ake ƙetarar da maras lafiya zuwa likita.

Tun farin 1973 da na 1984 manyan itatuwa suka ragu ƙwarai a dajinmu. Katakon kirki yanzu daga kudu ake kawo shi, da tsada. Saboda haka tsohon jirgi ba abin yasarwa ba ne. Amma jirgin da ya ruɓe aka ci gaba da shiga cikinsa, kabari ne mai yawo. Wannan darasi zai nuna muku abin da ke kawo ruɓa, da yadda ake gano ta, da yadda ake fid da ita a gida.

1. MENE NE KE RUƁAR DA KATAKO?

Mutane da yawa suna cewa ruwa ne ke cin jirgi. Ba ruwa kaɗai ba ne. Abin da ke cin katako wani abu ne mai rai, dangin hunhuna da naman kaza da ke fitowa a jikin kututture da damina. Irinsa ƙanana ne ainun, ido ba ya ganinsu, iska ke yawo da su. In sun sauka a katako mai laima sai su tsiro, su miƙa zare siriri cikin naman itacen, suna ci suna gaba.

Abu 3 wannan hunhuna take bukata: laima, da iska, da ɗumi. In an hana ta ɗaya, ba ta rayuwa. Ku dubi turmin da ke cikin ɗaki, ya shekara 30 bai ruɓe ba, don a bushe yake. Ku dubi gungumen da ya nutse a ƙarƙashin gulbi, shi ma yana daɗewa ƙwarai, don iska ba ta kai gare shi. Masana sun auna sun ga cewa katakon da ruwan jikinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba, ba ya ruɓa. Wurin hatsari shi ne inda katako ke jiƙewa ya ƙi bushewa, iska kuma tana shiga.

Ga wuraren da ruɓa ta fi so a jikin jirgi:

a) Cikin gindin jirgi, inda ruwan sama da laka da ƙaiƙayi suke kwana.
b) Bayan haƙarƙarin jirgi, wato itatuwan da ke riƙe da katakai daga ciki.
c) Goshin jirgi da ƙeyarsa, inda bakunan katakai suke haɗuwa. Bakin katako ya fi jikinsa shan ruwa, kamar yadda kara ke zuƙar ruwa ta bakinsa.
d) Kewayen ƙusar da ta yi tsatsa.
e) Daidai layin da ruwa ke tsayawa a jikin jirgi, inda ake jiƙewa a bushe kullum.
f) Ƙarƙashin facin kwano da aka buga don a toshe yoyo.

Akwai kuma gara, in an bar jirgi kwance a ƙasa da rani. Ita tana ci daga ciki ta bar fata a waje.

2. LOKACIN AIKI DA WURIN AIKI

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gyaran jirgi yana cin makonni, ba aikin yini ɗaya ba ne. A wajen Yamai da Gaya kogi yana cika sau 2: da damina, wajen Agusta da Satumba, da kuma lokacin ɗari, wajen Disamba da Janairu, sa'ad da ruwan ƙasar Gine ya iso. Ruwa yana ja baya sosai wajen Mayu da Yuni. Tabkuna kuma da rani suke raguwa. Don haka a fara gyara bayan ɗari, a gama kafin ruwan farko ya sauka, tun aikin gona bai kama ba.

A tara mutane a fid da jirgi tudu. A kwashe laka da ciyawa, a wanke shi, a kankare tsohuwar kwalta. A ɗora shi bisa gungumai ko duwatsu, tsayin rabin metir daga ƙasa, don iska ta ratsa ƙarƙashinsa, gara kuma ta rasa hanya. A sa madogara 3 ko 4 daidai da juna, kada tsakiyar jirgi ta lotsa.

A inuwa ake shanya jirgi, ƙarƙashin itace ko rumfar zana. Ranar bazara tana busar da katako da gaggawa har ya tsattsage, sai a koma ana gyaran ɓarna 2. A bar shi mako 2 ko 3, ana juya shi.

3. YADDA AKE GANO RUƁA

Kada ku yarda da ido kaɗai. Fenti da kwalta suna ɓoye ruɓa. A tanadi guduma ƙarama, da basilla ko wuƙa mai tsini, da alli ko gawayi.

Na farko, a ƙwanƙwasa. A bi jirgi daga goshi har ƙeya, ciki da waje, taƙi bayan taƙi. Katako mai lafiya yana amsawa da ƙara mai kauri, guduma tana dawowa. Ruɓaɓɓe yana amsawa dub-dub, kamar an bugi buhun dussa.

Na biyu, a soka. Basilla ba ta shiga katako mai lafiya sai da ƙarfi. In ta shige kamar cikin kabewa, wurin ya mutu.

Na uku, a ɓanɓaro ɗan tsinke da bakin wuƙa. In tsinken ya taso da tsawo, yana da kaifi, itacen da ransa. In ya karye guntu-guntu ko ya marmashe kamar ƙuli-ƙuli, ya ruɓe.

Na huɗu, a sunsuna. Ruɓa tana da wari irin na rumbun da damina ta yi ma yoyo.

Duk inda aka sami ruɓa a kewaye shi da alli. In an gama a ja da baya a dubi jirgin duka, a yi shawara da masassaƙi ko kafintan da ya san jirgi. In ruɓa ta tsaya a katako 1 ko 2, da haƙarƙari kaɗan, gyara yana da riba. In ta cinye rabin gindin jirgi, ko goshi da ƙeya duka sun mutu, ko jirgin ya karkace ya bar siffarsa, to, a haƙura. A kwance shi, a ajiye katakai masu lafiya don gyaran wani. Kuɗin katako ana mai da shi, rai ba a mai da shi.

4. ZAƁEN KATAKO

Ba kowane itace ne ke jure ruwa ba. Maɗaci shi ne itacen jirgi tun kaka da kakanni. Ƙawo da kanya su ma suna jurewa. Kirya tana da tauri da nauyi, ta dace da haƙarƙari da goshin jirgi. Rimi ba shi da nauyi, yana da sauƙin sassaƙa, amma ba ya daɗewa. A kasuwa za ku tarar da jan katako da farin katako. Farin yana da araha, amma na akwati ne da benci. In an sa shi a gindin jirgi, damina kaɗan zai yi ya mutu.

Ko a itace mai kyau akwai bambanci. Ku dubi bakin gungumen maɗaci: tsakiyarsa ja ce, gefensa kusa da ɓawo fari ne. Tsakiyar ita ce mai jure ruɓa. Farin gefen kuwa abincin hunhuna ne da ƙwari. In katakon da kuka saya yana da farin gefe, a sassaƙe shi a yar. A guji katako mai gaɓa babba ko mai tsaga.

Kada a sa ɗanyen katako. Yana ƙanƙancewa in ya bushe, sai gyaran ya buɗe. A jera katakai a inuwa, a sa ƴan sanduna tsakaninsu don iska ta ratsa. Ga dabarar sanin ya bushe: a yanki ɗan guntu, a auna shi a sikeli kowane mako, a rubuta nauyin a takarda. Ranar da nauyin ya daina raguwa, katako ya bushe. Ga amfanin karatun da kuka yi.

Ku tuna, dokar gandun daji ta shekarar 2004 ta hana a sare itace haka kawai. Mai bukatar itace ya je wurin ma'aikatan gandun daji ya nemi izini tukuna. Wanda ya sari maɗaci 1, ya kamata ya dasa 10, don jikokinsa su sami na jirgi.

5. FID DA RUƁA

Nan ne mutane suka fi yin kuskure. Mutum ya kankare inda ya yi laushi kaɗai, ya cusa tsumma, ya buga kwano a kai, ya ce ya gyara. Bai gyara ba, ya rufe gyambo da ƙuda a ciki. Zaren hunhuna yana wuce inda ido ke gani. Saboda haka a yanka har cikin katako mai lafiya: a ƙara santimetir 30 a kowane gefe, ta tsawon katakon.

Kafin a cire kome, a kafa sanduna 2 ko 3 a gicciye a bakin jirgi, don kada ya buɗe ko ya tsuke. A riƙa cire abu ɗaya, a mai da sabo, kana a cire na biye. In an kwance haƙarƙari duka a lokaci guda, jirgi ya rasa siffarsa. Tsohon da aka cire kada a farfasa shi, a ɗora shi bisa sabon katako a zana siffarsa. In ya marmashe, a yi awo da kwali.

A fid da tsofaffin ƙusoshi duka. Guntayen ruɓaɓɓen itace a tattara a kai murhu a ƙone, kada a bar su kusa da sabon katako.

Bayan yanka, a bar wurin ya sha iska kwana 3 ko 4. In ana samun garin borakis a kantin birni, a narka rabin kilo cikin litir 10 na ruwan zafi, a shafa sau 2 ko 3 a kewayen wurin da bayan haƙarƙari, a bari ya bushe. Yana kashe hunhuna da ƙwarin itace. Amma ruwa yana wanke shi, don haka sai an rufe shi da kwalta ko fenti. A ɓoye shi daga yara da dabbobi, kada a zuba sauransa a tabki.

6. SA SABON KATAKO

Hanya 3 ce, gwargwadon ɓarnar.

Hanya ta farko: faci. In ruɓa ƙarama ce, ba ta huda katakon ba, ko kuwa jirgin na gungume ɗaya ne da aka fafe, a sassaƙe wurin da kurfi har a kai itace mai lafiya. A daidaita ramin, gindinsa a shafe, gefunansa a miƙe. A sassaƙa guntun itace irin na jirgin, jijiyarsa ta bi inda jijiyar jirgin ta bi. In an gicciya jijiya, facin zai kumbura ya tsaga jirgin. A shafa kwalta a ramin, a danna facin, a kafa ƙusa, a sassaƙe abin da ya yi tudu.

Hanya ta biyu: gami da mataimaki. A yanke katakon a tsaye, a tsakanin haƙarƙari 2. A sa sabo baki da baki da tsohon. Daga ciki a ɗora wani guntun katako mai kauri ɗaya da su, wanda ya haye kowane gefe da santimetir 20, a shafe shi da kwalta, a kafa ƙusoshi ta cikinsu duka. Wannan ita ce mai sauƙi. A bar ɗan fili tsakanin guntun da haƙarƙari don ruwa ya sami hanyar gangarawa.

Hanya ta uku: gamin fiƙe. A fiƙe bakin tsohon katako da na sabo a karkace, kamar fiƙar alƙalami, su hau juna. Wannan gami ya fi ƙarfi, amma yana son hannun gwani. Ƙa'idarsa ita ce: tsawon fiƙa ya zama kaurin katako sau 8 ko fiye. Katako mai kaurin santimetir 3, fiƙarsa santimetir 24. Siririn bakin da ke waje ya dubi ƙeyar jirgi, don kada ruwa da ciyawa su ɗaga shi lokacin tafiya. Akwai wani danƙo mai ruwa 2 da ake gauraya, ana kiransa efoksi. Yana riƙe gamin fiƙe ƙwarai, amma yana da tsada, kuma ba ya kama katako mai laima ko mai maiƙo. In babu shi, a shafa kwalta, a sa mataimaki daga ciki.

Kowace hanya aka bi, kada gami 2 su tsaya daura da juna a katakai maƙwabta. A raba su da metir 1 ko fiye, kamar yadda magini ke saɓa tubali.

Haƙarƙarin da ya ruɓe a canja shi duka. A nemi reshe wanda Allah ya halitta da lanƙwasa irin wadda ake so. Ya fi wanda aka yanko lanƙwasarsa daga miƙaƙƙen katako ƙarfi nesa ba kusa ba. A ƙarƙashin kowane haƙarƙari a feƙe ƴar kafa, faɗin yatsa 2, don ruwa ya gangara wuri ɗaya inda za a kwalfe shi.

7. MAGANAR ƘUSA

Baƙar ƙusa tana tsatsa da wuri, tsatsar kuma tana cin itacen da ke kewaye da ita. A nemi farar ƙusa wadda aka yi ma rufin tutiya, ko da ta fi tsada. Kada a haɗa ƙusar jan ƙarfe da ta baƙin ƙarfe wuri ɗaya, don in sun jiƙe baƙin ƙarfen yana saurin cinyewa.

A fara huda rami ɗan siriri kafin a kafa ƙusa, musamman a kirya da ƙawo, don kada katako ya tsage. Kada a kafa ta a bakin katako, a bar santimetir 3. In katako santimetir 3 ne, haƙarƙari santimetir 5, a sa ƙusa mai santimetir 10. Tsinin da ya fito a ciki a lanƙwasa shi a mai da shi cikin itace, wani yana tokare kan ƙusar da guduma daga waje. A nutsar da kan ƙusa kaɗan, a rufe da kwalta. Tsohon ramin ƙusa a toshe shi da tsinken itace da aka tsoma a kwalta.

8. TOSHE TSAGA DA SHAFA KWALTA

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsakanin katako da katako a cusa auduga da aka murza kamar lagwani, ko zaren buhun garara, ko tsumman auduga. Tsumman roba ba ya kumbura, ba shi da amfani a nan. A tura da kurfi maras kaifi, a hankali. Kada a cusa da ƙarfin tsiya. Busasshen katako yana kumbura ta faɗinsa in ya koma ruwa. In an cika tsagar tam, kumburin zai tumɓuke ƙusoshi.

A bisa audugar a shafa kwalta. Masassaƙan bakin kogi tun dā suna amfani da man kaɗanya da aka kwaɓa da garin gawayi, har yanzu kuma yana aiki, sai dai yana son sabuntawa a kai a kai.

Narka kwalta aiki ne mai hatsari. A yi shi a fili, nesa da rumbu da danni da zana. Kada a cika tukunya, rabi ya isa. Kada ɗigon ruwa ya faɗa ciki, don kwalta tana fantsama. A ajiye yashi da murfi kusa. In ta kama wuta a rufe ta ko a zuba yashi, ba ruwa ba. A kori yara. A tsaya inda iska ke kore hayaƙin. Wanda kwalta ta zubo ma, a riƙa kwarara masa ruwan sanyi minti 20, kada a ɓanɓare ta, a kai shi likita.

Kada a shafa kwalta ko fenti a katako mai laima. Wanda ya yi haka ya kulle ɓarawo cikin ɗaki. A shafa sau 2, na farko ya bushe kafin na biyu. A ba bakunan katakai kaso mai yawa.

Wasu suna shafa baƙin man mota da aka juye daga inji. Muna jan kunnenku a kan wannan. Yana tsiyaya cikin ruwa, yana cutar da kifi da dabbobin da ke sha, da mutanen da ke ɗiba.

9. JIRGI MAI TAFIYA DA ISKA

A wasu wurare na kogin Isa, musamman wajen Mopti a ƙasar Mali, matuƙa suna ɗinka buhunna su yi babban zane, su ɗaura shi a doguwar sanda, iska ta tura jirgi ba mai ba wahala. Mai irin wannan jirgi ya duba wuri 3. Na farko gindin sandar, da ramin da take zama a ciki, don ruwan sama yana bin sanda ya taru a nan. A huda ma ramin kafar tsiyaya. Na biyu katakon gicciye da ke riƙe da sandar, don duk ƙarfin iska a kansa yake sauka. In ya ruɓe a canja shi duka, ba a yi masa faci. Na uku zanen da igiyoyi: a shanya su kafin a naɗe. Sandar da ta karye a tsakiyar ruwa tana iya kifar da jirgi.

10. GWAJI KAFIN TAFIYA

Ranar da aka mai da jirgi ruwa zai yi yoyo. Kada ku firgita. A ɗaure shi a bakin gaɓa, inda ruwa bai wuce gwiwa ba, kwana 2 ko 3, katako ya sha ya kumbura. Sa'an nan a kwalfe, a goge cikinsa, a zauna a duba. Inda ruwa ke tsattsafowa a sa alama, a ƙara auduga.

Bayan haka a loda buhunan yashi daidai nauyin da jirgin ya saba ɗauka, a kewaya kusa da gaɓa. Manya 2 da suka iya ruwa su ne za su shiga. Ban da yara, ban da mata masu goyo. Da wannan nauyi a zana layi da fenti a jikin jirgi, a bar taƙi guda ko fiye tsakanin ruwa da bakin jirgi. In layin ya nutse, kaya sun yi yawa, ko da ranar kasuwa ce, ko da mai roƙo surukinka ne. A ajiye ƙwaryar kwalfa a jirgi kullum, da rigar ruwa in akwai, ko jarkoki wofi masu murfi da mutum zai riƙe.

11. RIGAKAFI YA FI MAGANI

a) A kwalfe jirgi kowace yamma, da bayan kowane ruwan sama.
b) A share laka, da ƙaiƙayi, da ɓawon kifi. Su ke riƙe laima.
c) Kada a bar tabarma ko jiƙaƙƙen taru kwance a gindin jirgi.
d) In za a ajiye jirgi, a kife shi bisa gungumai a inuwa. Kada a naɗe shi da leda, don tana hana iska.
e) Kowace shekara bayan ɗari a bi shi da guduma da basilla, a sabunta kwalta.
f) A sami littafi a rubuta ranar gyara, da katakon da aka canja, da kuɗin da aka kashe.

LISSAFI

Ga misali. Ruɓa ta ci santimetir 40 a katako mai kaurin santimetir 3. An ƙara 30 a kowane gefe: 40 + 30 + 30 = 100. Fiƙa 2, kowace 24: 24 + 24 = 48. Sabon katako zai zama 100 + 48 = santimetir 148. Sai a sayi metir 1 da rabi.

Yanzu ku yi waɗannan a littafinku:

1. Katako mai kaurin santimetir 4, nawa ne tsawon fiƙarsa?
2. Litir 1 na ruwa kilo 1 ne. An kwalfe bokiti 6 daga jirgi, kowane litir 15. Kilo nawa jirgin yake ɗauke da shi a banza? Ku gwada shi da buhun hatsi mai kilo 100.
3. A ce katako 2, kowane jika 9. Ƙusa kilo 2, kowane kilo dala 300. Kwalta jika 4. Ladan kafinta jika 10. Nawa ne duka? In mutum 4 suka haɗa, nawa kowa zai biya? Ku tuna jika 1 dala 200 ce. Wannan kuɗi na koyon lissafi ne, ku sake yi da farashin kasuwarku.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne abubuwa 3 ruɓa take bukata?
2. Don me gungumen da ya nutse a gulbi yake daɗewa?
3. Don me ake yanka har cikin katako mai lafiya?
4. Mene ne aibin facin kwano bisa ruɓa?
5. In kwalta ta kama wuta, me za a yi?

ABIN TATTAUNAWA

Ku taru da sarkin ruwa da masassaƙan garinku. Ku ƙirga jiragen gari: nawa ne masu lafiya, nawa ke son gyara, nawa ya kamata a kwance? Ko ƙungiyarku za ta iya buɗe asusu don sayen katako da ƙusa a sari? Wane fili za ku keɓe don dashen maɗaci a damina mai zuwa? Tsofaffi su faɗi dabarun da suka gada, mai rubutu ya rubuta, ku aiko mana mu karanta a rediyo don sauran garuruwa su amfana.

Amsoshin lissafi suna cikin fitowa ta gaba, tare da darasi a kan ƙyafe kifi da itace kaɗan. Allah ya tsare mu a tudu da ruwa, ya ba mu damina mai albarka. Amin.